Babi na Shida: Saƙonnin Tarko a Waya

Darasi na 1: Daga ina suke fitowa?

'Yan uwa, kowa ya ɗauko wayarsa ya buɗe wurin saƙo. Da wuya a rasa saƙon da ba a san mai shi ba: wai ka ci kyauta, wai ana rabon tallafi, wai yau za a rufe asusunka na banki. Ba wani ne ya zauna ya rubuto maka kai kaɗai ba. 'Yan damfara suna kwasar lambobin mutane daga rukunonin WhatsApp da Facebook, su loda su a kwamfuta, manhaja ta watsa saƙo iri ɗaya ga dubban wayoyi cikin ɗan lokaci. Wanda ya shigo wa mai shago a Sabon Gari, shi ne ya shigo wa mai ƙosai a Tudun Wada. Taru ne aka jefa a ruwa. Aikawar ba ta cin su kuɗin kirki, shi ya sa ko mutum ƙalilan suka faɗa, sun ci riba. Wanda ya ba da amsa kuwa, ko da zagi ne, ya shaida musu layinsa na aiki, sai su ƙara turowa.

Darasi na 2: Shuɗin rubutu

Ku dubi ƙarshen saƙon. Akwai layi mai launin shuɗi, galibi da zare a ƙarƙashinsa, yana farawa da http ko www. Nan tarkon yake. Taɓawa ɗaya ta isa ya buɗe wani shafi mai tambari da launi irin na bankinka, amma duk abin da ka rubuta a ciki wurin ɓarawo zai tafi. Wani kuma zai sa ka sauke manhajar da ke karanta saƙonninka a ɓoye.

A nan aka fi tuntuɓe. A littafi an koya muku bin layi da yatsa, kuma daidai ne. A waya ban da wannan, domin gilashin yana jin taɓawa. Mai bin rubutu da yatsa zai isa kan shuɗin bai sani ba.

Ga yadda za a yi:
1. Riƙe wayar ta gefe da gefe.
2. Ɗaga yatsa daga kan gilashi.
3. Karanta da ido, a hankali, har ƙarshe.
4. Ka ga shuɗi? Kada ka taɓa. Danna maɓallin komawa baya.

A sake. Yatsa a sama, ido a kan rubutu. Madalla. Baba, kada ka ji kunya in hannu ya sauka, sabo ne, zai bari. Hajiya, ki ɗora yatsan a bayan wayar in ya ƙi zama. A yi sau biyar, kowa da maƙwabcinsa yana duba masa hannu.

Amma fa a ji da kyau. Har yanzu akwai masu cewa "bari in taɓa in gani kawai." Ganin me? An faɗa, an maimaita. Ko sunan ɗanka ne a saman saƙon, ana sace asusun mutum na WhatsApp ko Facebook a yi aike da sunansa. Kira shi ka ji muryarsa tukuna. Kafin nan, yatsa a sama.

Darasi na 3: Lambobin da ba a faɗa

PIN na katin ATM lamba 4 ne. BVN, wato lambar shaidarka ta banki, lamba 11 ce. Lambar tabbatarwa da banki ke turowa yawanci 6 ce, ta WhatsApp ma 6. Ma'aikacin banki ba ya kira ya tambayi PIN ko lambar tabbatarwa. Mai gaggauta ka a waya, kashe kiran. In har ka riga ka faɗa, garzaya reshen bankinka a toshe katin, kada ka bari sai gobe.

Darasi na 4: Rage tallace-tallace

Rubuta STOP da manyan baƙaƙe, ka aika zuwa 2442. Tsarin hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ne, kyauta. Yana rage talla, amma ba ya hana 'yan damfara.

Darasi na 5: Goge saƙo

Daga jerin saƙonni, ba tare da ka buɗe ba, danne saƙon ka riƙe, sannan ka taɓa hoton kwandon shara. A gwada a gida.