Yadda ake shawo kan ƙurajen fuska tun suna 'yan kaɗan

Da yaro ko yarinya sun fara balaga, fuska takan yi maiƙo, 'yan ƙuraje su feso a goshi da hanci da haɓa. Maiƙon ne ke toshe ƙofofin gashi, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. A nan Tahoua, gumin Afrilu da Mayu yakan ƙara tsananta abin. Iyaye kan ce ƙuruciya ce, za su wuce. Za su wuce ɗin, amma a baƙar fata ƙurjin da aka bari ya kumbura yakan bar baƙin tabo na watanni.

A fara da wanke fuska sau biyu a rana, safe da dare, da sabulu marar kaifi da tafin hannu. Ban da soso, ban da dirza. Alwala ba ta cikin lissafi, sabulu ake nufi. A daina lafta basilin ko man kitso ya gangaro goshi.

Sai a je farmasi a nemi maganin shafawa mai suna peroxyde de benzoyle, mai ƙarfin 2,5% ko 5%. Bayan an wanke fuska da dare ta bushe, a shafa ɗan kaɗan a duk wurin da ƙurajen ke fitowa, ba a kan ƙurji ɗaya kawai ba. Makon farko a riƙa tsallake dare ɗaya, don yakan busar da fata, musamman da hunturu. Yana cin launin tufafi, saboda haka a kula da hijabi da rigar matashin kai. Sai an yi mako 6 zuwa 8 kafin a ga sauyi. Nan ne da yawa ke gajiya su watsar.

Kada a matse, kada a shafa lemun tsami ko man goge baki. Mafi muni su ne mayukan bilicin na 'yan tebur, masu ɗauke da magunguna masu ƙarfi irin su clobétasol ko bétaméthasone: kwana kaɗan fuska ta yi sumul, daga baya ƙuraje su dawo ninki, fata ta rage kauri ta zama kamar takarda.

In wata uku ta cika ba sauƙi, ko ƙurajen suka zama manya masu zafi, a tafi CSI (ƙaramin asibiti) ko asibitin jiha. Likita na iya rubuta wani maganin shafawa mai suna adapalène, amma mai juna biyu ba ta amfani da shi.