Kurakuran da kamfanoni suka fi yi wajen gane inda ƙarfinsu yake

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mai kamfani ya ɗauka cewa injuna da gine-gine da kuɗin ajiya su ne suka ba shi fifiko a kan abokan gasarsa, alhali duk abin da ake saye a kasuwa wani ma zai iya sayensa gobe. A 1991 masanin harkar gudanarwa Jay Barney ya bayyana cewa kadara ba ta ba da fifiko mai ɗorewa sai ta kasance mai amfani, ba kowa ke da ita ba, tana da wuyar kwaikwaya, kuma babu abin da zai maye gurbinta. Gyaran shi ne a auna kowace kadara da waɗannan sharuɗɗa, a daina taƙama da wadda ta faɗi.

Na biyu, wanda a ganina ya fi cutarwa, shi ne kwaikwayon abin da ido ke gani kawai. A 1984 General Motors da Toyota suka haɗa gwiwa suka sake buɗe masana'antar motoci a Fremont ta jihar Kalifoniya, wadda General Motors ya rufe a 1982 bayan ta yi ƙaurin suna wajen rashin inganci. Yawancin ma'aikatan da aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan wurin ne, amma cikin ɗan lokaci motocinsu suka shiga sahun mafi inganci a General Motors, domin an horar da su a kan tsarin aikin Toyota, an kuma ba kowane lebura ikon jan igiya ya tsayar da layin aiki idan ya ga aibi. General Motors ya sha wahala shekaru kafin ya yaɗa tsarin zuwa sauran masana'antunsa, saboda rataya igiya abu ne mai sauƙi, amma amincewar da ke sa ma'aikaci ya ja ta ba tare da tsoron shugabansa ba sai an daɗe ana gina ta. Wanda zai koyi tsarin wani, ya tura mutanensa su zauna su yi aiki a ciki, ya kuma sauya yadda ake yabo da hukunci.

Akwai kuma masu rikita hajarsu da gwanintarsu. Injiniyan Kodak, kamfanin kayan ɗaukar hoto, ne ya ƙera kyamarar dijital a 1975, duk da haka kamfanin ya rungume fim ɗin ɗaukar hoto har ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2012. Fujifilm kuwa, abokin gasarsa a sana'ar fim ɗin, ya lura cewa ainihin abin da ya ƙware a kai shi ne ilimin sinadarai, sai ya kai shi fannin kayan asibiti da man shafawa.

A ƙananan kamfanonin iyali matsalar ta kan zama cewa sanin masu kawo kaya da sirrin farashi duk suna kan maigida shi kaɗai. Ya kamata a rubuta su, a kuma horar da magada tun yana da ƙarfinsa.