Kurakuran masu tayar da ƙananan jirage marasa matuƙi a Katsina

Na gaji da ganin yaro ya shafe wata uku yana haɗa jirgi, rana ɗaya a ƙwace shi. Kuma bakinsu ɗaya: "Ai nawa na wasa ne."

Wannan maganar ce ta raba ni da jirgina na farko. Da hannuna na yanka fukafukansa daga farin kumfan kwalin firji, na yi tarin kuɗin inji da farfela. Wata la'asar na tayar da shi a wani fili, ban tsaya na duba kusancinsa da filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua ba. Ko minti goma ba a yi ba sai ga mota. Aka tafi da jirgi da rimot da ni kaina, sai bayan isha'i yayana ya karɓo ni. Jirgin kam har yau. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta hana tayar da jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Jami'in da ke bakin aiki ba ruwansa da a kanti ka saya ko a zaure ka ƙera, balle a jihar da ke fama da 'yan bindiga. A Ingila ma, ganin irin waɗannan jirage ya sa aka rufe filin jirgin Gatwick a Disambar 2018. Ni yanzu sai na buɗe taswira a waya kafin in fita, in ga ina filin jirgi yake, ina bariki. Kuma ba na tayarwa a gonar kowa sai na gaida mai unguwa na nuna masa jirgin a hannu.

Kuskure na biyu ya fi ƙona min rai. Kai ɗan samari, da wane ido za ka ɗaura kyamara ka bi ta saman gidajen mutane? Tsakar gida fa, iyali na ciki, ana wanka ana shanya! Maigida ɗaya ya kai ƙara, duk mu za a hana. Ka fita bayan gari, inda babu katangar kowa.

Ranar hawan salla ka bar shi a ɗaki, ƙararsa na firgita doki.

Kada ka haura mita 120, kada kuma ya ɓace wa idonka.

Mai yin oda daga waje ya fara neman takardar izinin shigowa da shi, in ba haka ba a hannun kwastam zai tsaya.

Batir kuma, kar a bar shi cikin mota a zafin Afrilu. Wanda ya kumbura na daina caja shi, nawa a tukunyar ƙasa nake ajiye su, nesa da katifa.