Yadda ake sayen tsohuwar ƙaramar mota a Zariya da yi mata gyare-gyare ba tare da asara ba

Tun bayan da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ƙananan motoci masu guntun baya, waɗanda ƙofar but ɗinsu ke ɗagawa sama tare da gilashinta, sun samu farin jinin da ba su da shi a da. Malamin makaranta a Samaru, ma'aikaciyar jinya a Shika da ɗan kasuwa a Sabon Gari duk lissafi ɗaya suke yi, wato wace mota ce za ta kai su wurin aiki ta dawo da su ba tare da ta cinye albashi ba. Wannan ne ya sa idanu suka koma kan Golf, Peugeot 206, Toyota Starlet da Nissan Micra, motocin da yawancinsu sun haura shekara 20 da ƙerawa. Amfaninsu a bayyane yake: ba su da tsada, ba su shan mai sosai, suna shiga lungunan cikin Birni da babbar mota ba za ta iya juyawa ba, kuma kusan kowane bakanike ya san cikinsu. Illarsu kuwa ita ce tsufa, da ƙarancin kariya idan aka yi haɗari, da kuma tarihin da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Wanda ya bi matakan nan a jere, ya sa kuɗinsa a ƙarƙashin motar kafin ya sa a jikinta, zai ci amfanin ya rage illar.

Mataki na farko shi ne zaɓar samfurin mota tun kafin a je wurin dillalai, kuma ma'aunin zaɓen shi ne samuwar kayan gyara. Golf 3, wadda kamfanin Volkswagen ya fara fitarwa a 1991, ta fi sauran a wannan fanni, domin direbobin haya da ke zirga-zirga tsakanin Zariya da Kano, Kaduna da Funtuwa sun daɗe suna amfani da ita, don haka kayanta sun wadata a Sabon Gari, abin da aka rasa kuma ana samo shi daga Ƙofar Ruwa a Kano. Sai dai wannan farin jini yana da kishiya, domin Golf da yawa da ake kaiwa kasuwa sun yi shekaru suna ɗaukar fasinja da buhuna fiye da ƙarfinsu. Peugeot 206, wadda ta fito a 1998, ta fi daɗin tuƙi da kyan gani, kuma yankinmu yana da kanikawan da suka gaji aikin Peugeot tun daga lokacin da masana'antar harhaɗa ta ta fara aiki a Kaduna a 1975. Amma giyarta mai sarrafa kanta ta yi ƙaurin suna wajen ba da wahala, saboda haka mai giyar hannu ita ce abin nema. Starlet, wadda aka daina ƙera wannan tsohon samfurin nata a 1999, tana da juriya ƙwarai, sai dai samun mai lafiya ya zama da wuya. Micra kuwa ba ta shan mai, amma ta yi ƙanƙanta ga mai iyali.

Mataki na biyu, idan an tsayar da samfuri, sai a raba kuɗin da ke hannu gida biyu. A ganina, bai kamata a kashe fiye da kashi 70 cikin 100 wajen saye ba, ragowar kuma a ajiye shi don gyaran farko, la'adar dillali da sauya takardu. Mutane da dama suna zuba duk abin da suka tara a kan farashin mota, sai ta kwana a ƙofar gida wata guda saboda babu kuɗin sayen taya.

Mataki na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne duba motar, kuma ba a cinikin biri a sama, balle a ce an ga hotonta a WhatsApp an tura kuɗi. Ka je da bakaniken da kai ka ɗauko, wanda ba shi da alaƙa da dillalin, kuma ka je da sassafe, ka taɓa murfin inji ka tabbatar ba a tayar da ita ba kafin isowarka, domin injin da ya yi zafi yana ɓoye aibobin da injin sanyi ke tonawa. A tayar da ita kana tsaye a bayanta kana kallon salansa. Shuɗin hayaƙi yana nufin inji yana ƙona baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da bai ɗauke ba bayan mintuna yana nuna ruwa yana shiga inji, galibi ta gaskit ɗin kai. Baƙin hayaƙi kuwa alama ce ta fetur da ya yi yawa, kuma shi ne mafi sauƙin gyara a cikin ukun. Ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka duba bayansa. Idan ka ga kauri mai launin shayi da madara, to ruwa ya haɗu da mai. Ka buɗe lagireto tun yana da sanyi, ka duba ko akwai maiƙo ko tsatsa a cikin ruwan.

Sai jikin motar, kuma a nan ne ake yaudarar mafi yawan masu saye, saboda ido yana tafiya kan sabon fenti. Yawancin waɗannan motoci sun yi ƙuruciyarsu a Turai, inda ake zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, kuma gishirin yana cin ƙarfe daga ƙasa. Golf 3 musamman an san ta da tsatsa a ƙasan ƙofofi, bakin gidan taya da shimfiɗar ƙasa. Ka ɗaga kafet ɗin ƙafar direba, ka fitar da safayar taya ka duba ramin da take zama, sannan a hau da motar kan rami a shiga ƙarƙashinta da tocila. Ka tafi da ɗan maganaɗisu ka riƙa manna shi a ƙofofi da gefen mota. Duk inda ya ƙi kamawa, to fila aka cika wurin da ita aka fesa fenti. Inji idan ya mutu ana sauke shi a ɗora wani cikin kwana biyu, amma casis da ya ruɓe ko ya lanƙwashe a haɗari ba ya komawa daidai, kuma motar za ta yi ta cin taya ta gefe ɗaya har ranar da za a rabu da ita. Saboda haka mota mai lafiyayyen jiki da gajiyayyen inji ta fi mai sabon inji da ruɓaɓɓen ƙasa, matuƙar an rage farashi daidai da kuɗin injin.

Akwai kuma motocin da aka sauya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, waɗanda aka shigo da su daga Ingila ko Japan. Ana gane su ta yadda waifa ke kwanciya a kishiyar ɓangaren da aka saba, da mariƙin buɗe murfin inji da ke gefen fasinja, da walda a bayan dashbod. Gara a haƙura da su, domin sitiyari da burki ba wurin gwajin gwanintar mai walda ba ne.

Bayan haka sai gwajin tuƙi, kuma zagaya fili bai isa ba. Ka hau babban titi, misali daga Kwangila zuwa Samaru, ka shiga dukkan giyoyin, ka saurari kuka ko gurnani daga boris ɗin taya, ka sassauta riƙon sitiyari a wurin da babu cunkoso ka ga ko tana ja gefe. Sannan ka sauka kan hanya mai gargada ka ji ƙarar ƙafafunta, ka murɗe sitiyari har ƙarshe kana tafiya a hankali. Ƙas-ƙas da ake ji a lokacin daga shaf yake fitowa. A ƙarshe ka bar ta tana aiki a tsaye na kimanin minti 15, idonka a kan allurar zafi.

Takardu su ne mataki na huɗu, kuma ba a biyan ko kwabo kafin a gama da su. Lambar casis tana da haruffa da lambobi 17. Ka karanta ta daga jikin motar da idonka, ka gwada da wadda ke takardar kwastan da takardar mallaka, haka ma lambar inji. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, don haka duk wadda aka ce maka sabuwar shigowa ce daga Kwatano, ka tantance takardar kwastan ɗinta a ofishin hukumar kafin ciniki ya faɗa. A rubuta yarjejeniyar saye da shaidu, a haɗa da hoton katin shaidar mai sayarwa, sannan a yi sauyin mallaka a ofishin lasisi ba tare da jinkiri ba. Inshorar da doka ta wajabta ga motar gida ta koma Naira 15,000 tun daga Janairun 2023, kuma ana iya tantance sahihancinta ta intanet.

Yanzu motar ta zama taka, kuma a nan ne zuciya ke fara raya wa mutum manyan rim da lasifika. Ka danne wannan tukuna. Gyaran farko shi ne mayar da ita yadda masu ƙera ta suka tsara: sabon baƙin mai da matatarsa, matatar iska, fulogi, man burki da takalman burki, bushin da shokozoba idan sun gaji. Idan injin mai bel ɗin taimin ne, kamar na Golf da 206, a sauya shi nan take ko da mai sayarwa ya rantse sabo ne, domin a injin 206 tsinkewarsa a kan tafiya tana lanƙwasa bawul. Injin Micra na wancan zamani sarƙa yake amfani da ita, sai dai a saurari ƙararta. Tayoyi kuma a duba lambobi huɗu da ke gefensu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ake kira Baljiyam tana iya zuwa da zanenta cif alhali robarta ta bushe, kuma zafin kwaltar Kaduna a watan Afrilu ba ya yi mata uzuri. Araha ba ta ado.

Akwai wasu sauye-sauye da suka zama ruwan dare a garejinmu waɗanda ya kamata a warware su idan an tarar an yi. Na farko shi ne cire tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin inji, da haɗa fanka kai tsaye da makulli, bisa hujjar cewa ƙasarmu da zafi. Sakamakonsa shi ne inji ba ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, musamman da safiyar hunturu, sai ya riƙa shan mai fiye da kima yana saurin lalacewa. Maganin zafi shi ne wanke lagireto ko sauya shi, da gyara makunnin fanka, da zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya maimakon ruwan rijiya. Na biyu shi ne cire injekta a ɗora kafireto, abin da ake yawan yi wa Golf. Yana sauƙaƙa gyaran bakin hanya, shi ya sa direbobin haya ke son sa, amma ga mai motar gida da ya saye ta don tsimin mai, wannan koma baya ne.

Sauye-sauyen da suka dace da Zariya ba su da yawa. Kada a rage wa motar tsayi kamar yadda matasan Turai ke yi, domin tudun rage gudu da ramukan damina za su fasa kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji. Ɗaga ta kaɗan yana da amfani, amma sabbin sifirin da shokozoba sukan dawo mata da tsayinta na asali ba tare da ƙari ba, kuma ɗagawa fiye da kima tana wahalar da shaf, tana sa motar tangaɗi a kwana. Manyan rim masu siririyar taya suna da kyau a ido, amma suna lanƙwashewa a rami ɗaya, suna ƙara shan mai. Inci 14 ya wadatar. A lura kuma cewa rim ɗin Golf 3 na gama-gari da na 206 duk ƙusa huɗu ne amma tazarar ramukansu ta bambanta, don haka kada a yarda a faɗaɗa rami don a tilasta shi ya shiga. Farantin ƙarfe da ke kare ƙasan inji, fitilu masu haske da aka saita su yadda ba za su makantar da mai zuwa ba, da gyaran na'urar sanyaya ciki, waɗannan kuɗinsu ba ya tafiya a banza. Duk wani ƙarin lantarki kuwa, ko rediyo ko lasifika, a sa mai waya ya bi da shi ta fiyus, domin wayoyin da suka shekara 25 ba su buƙatar dalili mai yawa kafin su kama wuta. Baƙin gilashi yana buƙatar izinin 'yan sanda, sauya launi ko inji kuma sai an gyara takardu, in ba haka ba za a sha tsayuwa a hannun jami'an hanya.

Mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG shi ne sauyin da aka fi tambaya a kai yanzu. Yana rage kuɗin mai sosai, amma a irin wannan mota tukunyar za ta cinye kusan dukkan but ɗin, nauyinta kuma zai zauna a kan ƙafafun baya, ga shi sai an tabbatar akwai gidan sayar da iskar a kan hanyar da mutum ke bi kullum. Iskar tana zama a matse ƙwarai a cikin tukunyar, don haka tukunyar gas ɗin girki ko wadda mai walda ya haɗa ba ta ɗaukarta; irin wannan ce ta fashe a wani gidan mai a birnin Benin na jihar Edo a Oktoban 2024. Wanda ya yanke shawarar yi, ya kai ta cibiyar da gwamnati ta amince da ita, ya karɓi takardar shaidar aikin.

Kafin kowane sauyi na ƙawa, ka ajiye kayan asali da aka cire, rim, rediyo da sitiyari, a wuri mai kyau. Ranar sayarwa dillali ba zai ƙara maka komai ba saboda lasifika ko fentin da ka sauya, mai saye kuma yakan ɗauki motar da aka yi wa kwalliya da yawa a matsayin wadda aka yi tsere da ita. A lokacin sai ka mayar mata da kayanta na asali, ka sayar da na ƙarin daban, ka miƙa wa mai saye rasitan gyaran inji da ƙafafu da ka tara.