Babi na 6: Kowane Ciki da Irin Naƙudarsa

Darasi na 1: Abin da yake canzawa bayan ɗan fari

Ki ɗora yatsa a kan sunan babin, mu karanta tare a hankali: Kowane ciki da irin naƙudarsa. Sake karantawa. Madalla. Ki lura da harafin ƙ mai lanƙwasa a kai, ba ɗaya yake da k na kowane ba.

Mai cikin fari kowa lallaɓa ta yake yi, har a kai ta goyon ciki gidan iyayenta. Da ta haifi biyu ko uku sai a ce ai ta saba, a bar ta da tukunya da tsintsiya har ranar da za ta durƙusa. Wannan babi na waɗanda aka ce sun saba ne.

Gaskiya ne jiki yana canzawa. A cikin fari mace takan fara jin motsi wajen mako 18 zuwa 20, amma wadda ta taɓa haihuwa takan ji tun wajen mako 16, domin ta riga ta san yadda motsin yake. Cikin ma yakan fito da wuri saboda naman ciki ya saki. A cikin fari kan jariri yakan sauko cikin ƙugu ana saura makonni a haihu. A na baya kuwa sau da yawa ba ya saukowa sai naƙuda ta kankama, don haka kada ki ce tunda ciki bai sauka ba da sauran lokaci.

Babban bambancin yana wajen sauri. Kafin jariri ya fito sai bakin mahaifa ya buɗe santimita 10. Ki ɗauki rula ki duba daga 0 zuwa 10, wannan shi ne faɗin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga santimita 5 zuwa 10, haihuwar fari ba ta cika wuce awa 12 ba, ta baya kuma awa 10. Yunƙuri kuwa, a ta fari yakan kammala cikin awa 3, a ta baya cikin awa 2. Waɗannan iyaka ce ta sama. Mata da yawa da suka taɓa haihuwa ba sa kai ko rabin haka, wata ma daga fara ciwo zuwa kukan jariri ba a cika awa 3. Ita ce ake jin ta haihu a cikin adaidaita sahu ko a ƙofar asibiti.

Darasi na 2: Ƙirga tazarar ciwo

A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka za mu daɗe a kai. Kada ki gaji.

Ciwon naƙuda zuwa yake yi ya lafa, ya sake zuwa. Ciki ya yi tauri kamar ganga, baya da mara su ɗaure, sannan ya saki. Abin da ake ƙirgawa shi ne mintocin da ke tsakanin FARKON wani ciwo da FARKON na bayansa. Daga farko zuwa farko.

Ki ajiye waya ko agogo kusa da ke, da takarda da fensir. Da ciwo ya taso, ki dubi lokaci ki rubuta. In ba za ki iya riƙe fensir ba, ’yarki ko abokiyar zamanki ta rubuta miki. Idan ya lafa, kada ki rubuta komai. Sai wani ya taso ki sake rubutawa a ƙasan na farko.

Misali: ciwo ya taso 8:00, ya lafa 8:01, wani ya taso 8:12. Minti nawa ke nan? Masu cewa 11 sun ƙirga daga inda ya lafa. Amsar 12 ce, domin daga 8:00 aka fara. Ba laifi in kin kuskure, kusan kowa haka yake yi da farko. Goge ki sake: daga farko zuwa farko.

Wani misali: 9:00, 9:10, 9:20, 9:30. Tazara minti 10, kuma ba ta canza ba. Wannan naƙuda ce ta gaskiya, tana zuwa a jere, tana ƙara ƙarfi, daga baya kuma tazarar takan ragu. Ke da kika taɓa haihuwa, da kin ga ciwo ya jeru haka, ki ɗauki jaka da katin awo ki kama hanya. In asibiti da nisa, ko damina ta ɓata hanya, ko kin san haihuwarki ta baya ta zo da sauri, kada ma ki jira ya kai minti 10.

Ga kuma na uku: 7:00, 7:25, 7:31, 8:15, sai ya ɗauke da kika kwanta ta gefen hagu kika sha ruwa. Wannan bai jeru ba. Irinsa yakan dami masu ciki na uku da na huɗu a watan ƙarshe, har mace ta je asibiti a ce ta koma gida. Sai kunya ta kama ta, ranar da ta gaskiyar ta zo ta ƙi faɗa wa kowa. Haba, ’yar’uwa! Kunyar me? Malaman asibiti kullum suna ganin haka. A dawo da ke sau biyu ya fi ki haihu a bakin hanya babu mai tare jini.

Mu sake. Ciwo ya taso 10:05, ya lafa 10:06, wani ya taso 10:13. Ba 7 ba ne. Daga 10:05 zuwa 10:13 minti 8 ne. Daga ina ake ƙirgawa? Daga farko zuwa farko. Ki rubuta wannan jimla sau uku a littafinki.

Akwai lokacin da ba a tsayawa ƙirga komai. In faya ta fashe, ko da babu ciwo, a tafi. In an ga jini, a tafi. In ruwan ya fito kore ko ruwan ƙasa, jariri ya yi kashi a ciki ke nan, a tafi da sauri. Tunda kan jariri ba ya saukowa da wuri a cikin baya, wani lokaci igiyar cibiya takan riga shi fitowa in faya ta fashe. In aka gan ta, kada a ja, kada a tura. Mace ta durƙusa, ƙirji a ƙasa, ɗuwawu a sama, a haka za a kai ta.

Ku kuma maza da kuke karatu tare da mu: an sha faɗa muku ku bar izini da kuɗin mota tun ciki yana wata 8, ku riƙe lambar direba. Mace tana kan gwiwa ana neman maigida a kasuwa, wannan sakaci ne, ba wani suna gare shi ba.

Darasi na 3: Bayan an sauka

Ciwon mara na bayan haihuwa yana ƙaruwa da yawan haihuwa. Mai ɗan fari da kyar take jin sa, mai na huɗu kuwa har gumi take yi, musamman in jariri ya kama nono. Mahaifa ce take tsukewa don ta rufe jijiyoyin jini, kuma cikin kwana 2 zuwa 3 yake sauƙi. Ki yawaita fitsari, domin mafitsara cike tana hana mahaifa tsukewa.

Mahaifar da ta ɗauki ciki sau biyar ko fiye takan gaji, kamar robar siket da ta sha wanki. In ta ƙi tsukewa sai jini ya ɓalle. Jinin da ya kai rabin lita cikin awa 24 ya yi yawa. Rabin lita shi ne ledar fiya wata guda. Tunda ba aunawa za ki yi ba, ki duba ƙunzugu: in ya jiƙe sharkaf kafin awa ɗaya, ko guda-guda manya suna fita, ko jiri yana ɗibar ki, a kira taimako nan take.

Ki ɗora tafin hannu ƙasa da cibiya. Mahaifa mai lafiya za ki ji ta da tauri kamar ƙwallo. In ta yi laushi, a murza wurin da ƙarfi har ta taurara, a sa jariri a nono, ana yi ana shirin tafiya. A asibiti, jariri na fitowa ake yin allurar oksitosin don tare wannan. Inda babu allura ana ba da ƙwayar misoprostol guda 3, a sha BAYAN jariri ya fito kuma an tabbatar ba tagwaye ba ne. Shan ta jariri yana ciki yana iya fasa mahaifa. Haka ma ruwan naƙuda da ake sa wa mata a gida, da jiƙe-jiƙen saurin haihuwa. Ku daina.

Darasi na 4: Waɗanda ba sa haihuwa a gida ko kaɗan

Wadda aka taɓa yi wa aiki aka ciro jariri, ko da ta haihu da kanta bayan nan, ta je asibitin da ake tiyata da ƙarin jini, don ɗinkin mahaifa yana iya buɗewa. Haka wadda ta haihu sau 5 ko fiye, da mai tagwaye, da wadda jaririnta ya kwanta a gicciye, abin da ya fi samun masu yawan haihuwa. Haka wadda ta taɓa zubar da jini, ko jijjiga, ko doguwar naƙuda. Yoyon fitsari da doguwar naƙuda take jawowa ba na masu haihuwar fari kaɗai ba ne, domin jariran baya sukan fi na fari girma.

Ki tambayi rukunin jininki a wajen awo. In an ce nagetif ne, akwai allurar da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa, don ta kare jariran da za su biyo baya.

Darasi na 5: Tazara da awo

A bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki. Kwanika tana ƙarar da jini. A fara awo kafin ciki ya wuce mako 12, a je sau 8, a sha maganin ƙarin jini kullum, ko ciki na goma ne.

Darasi na 6: Aiki

Cike gurbi: Ana ƙirga tazarar ciwo daga ______ zuwa ______.

Ciwo ya taso 6:20, ya lafa 6:21, wani ya taso 6:29. Minti nawa?

Kwafi wannan babi har zuwa Darasi na 2, a kawo mako mai zuwa.