Ga masu shirin hawa Emi Kusi

Salamu alaikum 'yan uwa. Na ga ana ta maganar Emi Kusi, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Sahara, mita 3,415, can cikin duwatsun Tibesti a arewacin Chadi. Ga 'yar shawarata.

Mu mutanen Injamena zafi muka sani, shi ya sa sanyin can yake shammatar mutum. Lokacin hunturu da dare har ruwa kan daskare a gora. Ku ɗauki bargo mai kauri, safa biyu da hular sanyi, ku kwana da gorar ruwan a cikin bargon. Takalmi kuma wanda ƙafa ta saba da shi, don sabo bororo zai fitar muku tun ranar farko, ga duwatsun masu kaifi.

Abin da ya fi damuna dai gaggawa ce. Garinmu bai wuce mita 300 sama da teku ba, kuma daga mita 2,500 iska takan fara yi wa jiki kaɗan. In kai ya fara sarawa, ga tashin zuciya, abinci ya ƙi shiga, kada a ƙara hawa ranar. Wanda ya fara tangaɗi ko haki alhali yana zaune, a sauko da shi nan take, ko tsakar dare ne. Matasa masu ji da ƙarfi su ne kan ɓoye ciwon, ku sa musu ido.

Daga garin Faya da ke arewacin Chadi kada ku motsa sai da ɗan jagora Batube, wato ɗan ƙabilar Tubawa mazauna yankin. Akwai wuraren da nakiyoyin yaƙin Chadi da Libiya ke binne har yau, Tubawa su suka san inda ake takawa da inda ruwa yake.