Ɗaurin notin inji da ma'auni: misali da Toyota 22R

Inji da yawa da ake haɗawa a garejin Maradi suna dawowa ba da jimawa ba da gasket a ƙone, a ɗora laifin a kan mai sayar da kaya. Sau da dama kayan lafiya lau suke, noti ne aka ɗaure da ƙarfin damtse, an zura bututu a gindin sufana an ja har sai da ya yi ƙara. Tsohon inji ba ya jure wannan. Sufana mai ma'auni ake bukata, irin wadda ke yin "ƙas" idan ta kai lambar da aka sa mata.

Ka fara da gane ma'aunin da littafinka yake magana da shi. Littattafan Faransa na su Peugeot 504 suna rubuta m.daN, kuma m.daN 1 daidai yake da Nm 10 (Nm, wato niyuton-mita, ma'aunin ƙarfin ɗauri ne). Na Amurka suna rubuta ft-lb, wanda ɗaya ya kai Nm 1.36. Wanda ya ga 58 a littafin Amurka ya saita sufanarsa a Nm 58, ya bar kan inji da sassauci na kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Ga lambobin 22R, injin fetur mai silinda huɗu na tsofaffin Hilux: notin kan inji, wato kulas, Nm 78, marufan kiranshaf Nm 103, notin fulawil Nm 108, babban notin fuli na gaban kiranshaf Nm 157, marufan kamshaf Nm 20 kacal. Notin biyel kuwa, wato sandar da ke haɗa fistan da kiranshaf, Nm 62 ne a injinan farko, na baya Nm 69, don haka ka duba shekarar injinka. Kada ka ari waɗannan lambobin ka kai wa wani inji.

Lambar ba ta da amfani idan haƙoran noti da datti. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da kake ja yana tafiya ne wajen gogayya, a haƙora da ƙarƙashin kan noti. Ɗan abin da ya rage shi ke matse gasket. In akwai tsatsa ko ƙurar hunturu a ramin, sufana za ta yi ƙas tun noti bai matse komai ba. Ka wanke kowane noti da buroshin ƙarfe da fetur, ka share ramukan, ka busa su da iska har su bushe. Ruwa ko baƙin mai da ya kwanta a ƙasan rami ba ya matsuwa, idan noti ya sauka a kansa yana iya tsaga gangar injin. Daga nan ka shafa baƙin mai kaɗan a haƙora da ƙarƙashin kan noti, shafawa kawai, ba tsomawa ba. Noti mai kyau ya kamata ya shiga da yatsu. Wanda ya rame a tsakiya ko haƙoransa suka miƙe, ka jefar da shi.

Kafin ka aza kulas, ɗora masa ƙarfe miƙaƙƙe ka auna. Idan lanƙwasar ta wuce milimita 0.15, a kai shi a goge fuskar.

Notin kulas guda 10 ne, kuma su ne ke riƙe da sandunan roka, masu danna bawul. Ka fara daga biyu na tsakiya, kana tsallakawa gefe da gefe, kana fita waje har ƙarshe. Zagaye uku za ka yi: Nm 30, sai 55, sai 78. Kulas ɗin alminiyom ne, in ka cika noti ɗaya gaba ɗaya tun sauran suna kwance, zai karkace. Ja a hankali, hannu a kan mariƙi, ba fizga. Ƙas ɗaya ya isa, na biyu ƙari ne. Wajen kwancewa kuma akasin haka ake bi, daga waje zuwa tsakiya, inji a sanyaye. Akwai ƙaramin noti a gaban kulas, kusa da giyar sarƙa, mai shiga murfin sarƙar. Baƙin mai yakan rufe shi, wanda bai san da shi ba sai ya banƙare kulas ya fasa murfin.

A ƙasan inji, duk marufin da ka ɗaure, juya kiranshaf da hannu. Idan ya cije bayan wani marufi, tsaya nan ka duba: ko an juya shi baya, ko an musanya shi da na wani wuri, ko datti ya shiga bayan ƙarfen da ke cikin marufin. Masu 504 su kula, hannayen silindarta, wato bututun da fistan ke hawa da sauka a ciki, cirewa ake yi, kada a juya kiranshaf kulas a cire sai an danne su, in ba haka ba ruwa zai sauka cikin mai.

Bayan ka tayar da injin ya yi zafi, saita bawul: milimita 0.20 na shiga, 0.30 na fita. Sufanar kuma ka mayar da ita lamba mafi ƙanƙanta kafin ka ajiye, kada kuma ka riƙa kwance noti da ita, don hakan na ɓata mata awo.